Daga kunkurun Bristol zuwa allon dala talatin: tarihin mutum-mutumin koyarwa

Tsakanin 1948 da 1949, Ingila ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna William Grey Walter ya haɗa wasu 'yan na'urori biyu a birnin Bristol, ya raɗa musu suna Elmer da Elsie. Kowace tana da taya uku da ƙoƙo a bayanta, shi ya sa aka riƙa ce musu kunkuru. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikinsu. Abin da ke ciki kwalaben lantarki biyu ne irin na tsohon akwatin rediyo, da ido guda mai gane haske, da makunni da ke motsawa idan ƙoƙon ya bugi wani abu. Duk da haka idan aka sake su a ɗaki sai su nufi fitila, haske ya yi musu yawa su ja da baya, su kewaye ƙafar kujera, batir ya yi sanyi su nemi akurkinsu su sha caji. Walter ba don yara ya yi su ba. So yake ya nuna wa abokan aikinsa cewa ɗabi'a mai wuyar fahimta tana iya fitowa daga 'yan jijiyoyi kaɗan, in dai an iya haɗa su. A 1951 aka nuna irinsu a babban bikin baje kolin Birtaniya, jama'a suka sha kallo, aka watse.

Wanda ya shigar da kunkurun aji wani mutum ne daban, kuma a Afirka aka haife shi. Seymour Papert ya zo duniya a Pretoria ranar 29 ga Fabrairun 1928. Ya karanta lissafi a Jami'ar Witwatersrand, yana cikin matasan da suka yi adawa da mulkin wariyar launin fata, daga baya ya ƙara digirin digirgir na biyu a Cambridge. Abin da ya sauya masa alƙibla shi ne shekarun da ya yi a Janiba, daga 1958 zuwa 1963, yana aiki da Jean Piaget, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa yana lura da yadda yara ke tunani. Ra'ayin Piaget shi ne ba zuba wa yaro ilimi ake yi ba, shi ne yake gina shi a kansa ta hanyar taɓawa da gwadawa. Papert ya karɓi wannan ya ɗora nasa a kai: ginin da ake yi a cikin kai ya fi ƙarko idan hannu ma yana gina wani abu a waje, abin da za a iya gani, a nuna wa aboki, a kushe, a gyara. Da wannan tunani ya isa MIT a Amurka a 1963, ya haɗu da Marvin Minsky suna binciken ƙirƙirarriyar basira.

A lokacin kwamfuta kayan gwamnati ce da manyan kamfanoni, ɗaki guda take cikawa. Masu tunanin kai ta makaranta kuwa abu guda suke nufi, ta riƙa yi wa yaro tambaya tana ba shi maki. Papert ya ce an juya al'amarin ne, yaro ya kamata ya ba kwamfuta umarni. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka fito da harshen Logo a kamfanin Bolt Beranek and Newman. Gwajin farko mai tsawo an yi shi a makarantar Muzzey da ke Lexington a jihar Massachusetts, a zangon 1968 zuwa 1969, kuma babu kunkuru a lokacin. Wasan kalmomi yaran suke yi da injin buga rubutu. Bayan nan ne aka ƙera wata na'ura mai taya, igiyar waya ta haɗa ta da kwamfuta, da alƙalami a cikinta wanda take saukewa ƙasa ta ja layi a takarda. Aka ba ta sunan kunkurun Walter.

Umarnin da take ji kaɗan ne. Yi gaba taku kaza, juya dama digiri kaza, ɗaga alƙalami, sauke alƙalami, maimaita. Amma a duba abin da ke faruwa da yaro ɗan shekara goma. An nuna masa cewa gaba ɗari, dama 90, sau huɗu, yana ba da murabba'i. Sai ya ce zai yi mai kusurwa uku. Ya tuna malam ya ce kowace kusurwa 60 ce, ya rubuta dama 60 sau uku. Kunkuru ya tafi, ya juya, ya tafi, ya tsaya, zane ya ƙi rufewa. Ba wanda ya ja masa jan biro, ba wanda ya ce ya faɗi. Zanen ne a ƙasa yana kallonsa. Abin da malaman Logo ke gaya wa irin wannan yaro shi ne ya tashi ya zama kunkurun da kansa, ya taka siffar da ƙafarsa ya ji yawan juyin da jikinsa ke yi a kowace kwana. A nan zai gane cewa 120 yake juyawa, kuma duk siffar da layinta bai gitta kansa ba, idan ya kewaya ta ya dawo inda ya tashi yana fuskantar inda ya fara fuskanta, jimillar juyinsa 360 ce. Daga nan da'ira ba ta da wuya: taku ɗaya, juyi ɗaya, sau 360. Wannan ƙa'ida ce ta gaske a lissafi, yaron kuma da ƙafarsa ya iso gare ta. A ganina duk tarihin nan a kan wannan ɗan lokaci ya rataya, lokacin da zane ya ƙi rufewa yaro ya tambayi kansa me ya sa. Sauran duka neman hanyar da za a kai yara masu yawa ga wannan lokaci ne da kuɗi kaɗan.

Har yara 'yan shekara uku da huɗu, waɗanda ba su fara karatu ba, an yi musu tanadi. A tsakiyar shekarun 1970 wata ɗaliba a MIT, Radia Perlman, ta haɗa akwati mai maɓallai da za su riƙa tuƙa kunkuru da shi. Ita ce daga baya ta yi suna wajen tsara yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo ba tare da saƙon ya yi ta zagaye ba. A 1980 Papert ya fitar da littafinsa Mindstorms, wanda ya buɗe da labarin yadda giyar mota ta ɗauke masa hankali tun yana ƙarami, har ta zame masa abin da yake auna lissafi da shi. Littafin ya zo daidai da shigowar ƙananan kwamfutoci irin Apple II, Logo ya bazu a makarantun Amurka da Turai. A 1982 Papert da Nicholas Negroponte suka kai shi Dakar, ƙarƙashin wata cibiya da gwamnatin Faransa ta kafa a Faris. Cibiyar ba ta yi nisa ba rikicin shugabanci ya cinye ta.

Sai masu bincike suka zo da ma'auni. A farkon shekarun 1980 Roy Pea da Midian Kurland na kwalejin Bank Street a New York suka bi yaran da suka yi shekara guda suna Logo, suka gwada su a kan iya tsara aiki. Ba su ga sun fi waɗanda ba su yi ba. Papert ya mayar da martani a 1987, ya ce tambayar ce gurguwa, tamkar a tambaya ko katako yana gina gida mai kyau. Yana da gaskiya, amma ba duka ba. Shi da mabiyansa sun yi alkawari mai girma, iyaye da hukumomi sun kashe kuɗi, dole a tambaye su ina sakamako. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda makaranta ta yi da kwamfutar. An kwashe ta daga aji an tara a ɗaki na musamman, an sa mata malami na musamman da sa'a guda a mako, ta zama darasi kamar kowane darasi, har da jarrabawa. A littafinsa na 1993 ya kwatanta wannan da yadda jiki ke killace baƙon abu don kada ya sauya shi.

Ana wannan gardama, injiniyoyi suna can suna ƙanƙantar da kwamfuta. A 1971 Intel ya fitar da 4004, ƙwayar lantarki guda mai taransista 2,300 da ke yin aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. A 1974 Texas Instruments ya fara sayar da TMS1000, wadda ta haɗa ƙwaƙwalwa da ma'adana da ƙofofin shiga da fita a ƙwaya ɗaya. Irin wannan ƙwaya ba don a zauna gabanta a yi rubutu aka yi ta ba. Dasa ta ake yi a cikin wata na'ura, ta riƙa sauraron abin da ke faruwa tana ba da amsa. Yau tana cikin mitar wuta mai kati, da na'urar POS, da inbata, da rimot, da injin mota. Ita ce ta ba da damar tsinke igiyar da ke ɗaure kunkuru da kwamfuta.

Wanda ya biya kuɗin tsinke igiyar kamfanin kayan wasa ne. Kjeld Kirk Kristiansen, shugaban LEGO na ƙasar Danmak a lokacin, ya ga Papert a talabijin yana bayanin yadda yara ke koyo, ya ga ai abin da kamfaninsa ke sayarwa ke nan. Daga 1985 LEGO ya fara ɗaukar nauyin bincike a sabon ɗakin Media Lab na MIT. Mitchel Resnick da Steve Ocko suka haɗa tubalan LEGO da Logo, yaro ya gina motarsa da kansa sannan ya rubuta mata umarni, amma har lokacin akwai igiya. Fred Martin da abokansa suka yi shekaru suna gwada cusa kwamfutar a cikin tubali. A 1998 abin ya fito kasuwa da sunan littafin Papert, Mindstorms, a kan kusan dala 200. Zuciyarsa wani tubali ne rawaya da ake kira RCX, mai ƙwayar Hitachi H8 da ma'adanar kilobait 32, da ƙofofi uku na injinan juya taya, uku na na'urorin gani da taɓawa. Ta hasken infurared ake aika masa umarni daga kwamfuta, daga nan ya kama gabansa.

Abin da ya biyo baya kamfanin bai shirya masa ba. An yi kayan don yara 'yan shekara goma sha biyu, sai ga magidanta da ɗaliban jami'a sun yi musu caa. Cikin 'yan makonni wani ɗalibin Stanford, Kekoa Proudfoot, ya kwance sirrin tubalin ya zuba a intanet. Markus Noga a Jamus ya rubuta masa sabuwar manhajar sarrafawa, Dave Baum ya rubuta harshen NQC. Kamfanin ya yi ta shawara ko ya kai su kotu, a ƙarshe ya bar su, kuma wannan haƙuri ne ya tsawaita ran kayan. A 1998 ɗin ne kuma aka kafa gasar FIRST LEGO League tare da Dean Kamen. NXT ya zo a 2006, EV3 a 2013 yana aiki da Linux. A ƙarshen 2022 LEGO ya daina ƙera Mindstorms bayan shekara 24.

Dala 200 zuwa 350 ba kuɗin kowa ba ne, kuma maganin tsadar daga wata makarantar zane ya fito, a Ivrea, garin kamfanin Olivetti a arewacin Italiya. Ɗaliban wurin masu zane ne, ba injiniyoyi ba, suna so su haɗa fitilu da maɓallai da injina ba tare da sun yi shekara huɗu suna karatun lantarki ba. Wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya yi kundin kammala karatunsa a kan wannan matsala tsakanin 2003 da 2004, ya kira aikin Wiring. Massimo Banzi na cikin masu duba aikin. A 2005 Banzi da David Cuartielles da David Mellis da Gianluca Martino da Tom Igoe suka ɗora a kan wannan aiki, suka yi allo mai rahusa da ƙwayar ATmega8, suka sa masa sunan wata mashaya da suke zama a garin, Arduino. An daɗe ana ba da labarin ba a ambaci Barragán yadda ya kamata, har sai da ya rubuta nasa bayanin a 2016. Duk mai ba da tarihin nan ya kamata ya fara da sunansa.

Allon ba shi da wani ƙarfi. Uno, wanda ya fito a 2010 kuma shi ne aka fi sani, kilobait 32 yake da shi na ajiye umarni, kilobait 2 kacal na aiki. Hoto ɗaya na wayar hannu ba zai shiga cikinsa ba. Ƙarfinsa a wasu wurare yake. Farashinsa bai kai dala talatin ba. Ana jona shi da kwamfuta da wayar USB kawai. Umarninsa kashi biyu ne, abin da za a yi sau ɗaya idan an kunna, da abin da za a yi ta maimaitawa har a kashe. Sannan masu shi sun saki zanen allon kyauta, kowa ya ƙera nasa, masana'antun Shenzhen na Caina kuwa ba su yi wata-wata ba, farashin kwafi ya faɗo zuwa 'yan daloli. Irin waɗannan kwafi ne suka cika ayyukan kammala karatu na ɗaliban lantarki a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Najeriya: famfon ban ruwa mai tayar da kansa idan ƙasa ta bushe, ƙyanƙyasar ƙwai mai daidaita zafi, ƙofa mai buɗewa da kati.

Birtaniya ta bi tata hanyar. A Cambridge, Eben Upton ya lura tun wajen 2006 cewa masu neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa kuma ba su taɓa leƙa cikin na'ura ba, saɓanin tsararsa da suka taso da kwamfutar BBC Micro ta 1981. Shi da abokansa suka fitar da Raspberry Pi, cikakkiyar kwamfuta mai girman katin banki, a kan dala 35. Ranar 29 ga Fabrairun 2012 aka fara sayar da ita, wadda ta yi daidai da ranar haihuwar Papert, ko da yake a lokacin ba ya cikin halin da zai yi murna, tun da wani babur ya buge shi a Hanoi a Disambar 2006 bai koma daidai ba har ya rasu a 2016. 'Yan dubbai masu Pi suka yi tsammanin sayarwa, sai aka sayi miliyoyi, kuma kamar yadda ya faru da RCX, manya ne suka fi kwasa. Yau mafi yawansu masana'antu suke tafiya. A 2016 BBC ta raba micro:bit kyauta ga kusan yara miliyan ɗaya 'yan ajin farko na sakandare, ɗan allo mai fitilu 25 da maɓallai biyu da na'urar jin motsi.

Mu ma a Najeriya guguwar ta taɓa mu. A 2005 Negroponte ya sanar da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, da alkawarin dala ɗari, Papert na cikin masu ba shi shawara. An nuna samfurin a Tunis a Nuwambar shekarar, Kofi Annan na riƙe da shi marfin juya cajinsa ya karye. A 2007 makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja ta zama ɗaya daga cikin wuraren gwaji na farko a duniya. Farashin ya ƙare kusan ninki biyu na alkawari, gwamnati ta sauya, sabon ministan ilimi ya tambayi amfanin kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama, babban odar da ake sa rai ba ta tabbata ba. Peru ta sayi fiye da dubu 800. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna a 2012, bai ga ƙari a lissafi ko karatu ba. Abin da ya fi tsaya mini a labarin Galadima shi ne rahotannin lokacin da suka nuna wasu daga cikin yaran sun koyi kwance na'urorin suna gyara na 'yan'uwansu. Wannan ba ya cikin manhajar karatu, kuma shi ne abu mafi kusa da abin da Papert ya nema.

A 2012 Ayorkor Korsah ta Jami'ar Ashesi a Gana da Ken Goldberg na Berkeley suka kafa ƙungiyar masu binciken mutum-mutumi ta Afirka, suka sa gasa: wa zai ƙera na koyarwa a kan dala goma? Cikin waɗanda suka yi nasara akwai Thomas Tilley, malami a Tailan, wanda ya fasa hannun wasan bidiyo, ya sa masa tayoyi, ya kafa alawa mai tsinke biyu a kan sandunansa su zama nauyin da ke gane karo. Kuɗinsa bai cika dala tara ba. A shekarar ce kuma wata mai bincike 'yar Barazil, Fabiane Benitti, ta tattara abin da aka rubuta kan amfanin mutum-mutumi a makarantu, ta tarar da maƙaloli goma kacal da suka auna koyo da alƙaluma. Bayan fiye da shekara arba'in da kunkurun Logo na farko ke nan. Sakamakonsu ya karkata ga cewa ana samun amfani, amma ba kullum ba, kuma yawanci inda akwai malamin da ya san abin da yake yi. Inda aka samu irin wannan malami ana ganin bambanci: a 2019 'yan matan sakandaren Methodist ta Mamfe a Gana suka ci gasar Robofest ta duniya a jihar Michigan.

Maganar tsada dai ta kusa ƙarewa. Allon da ya fi RCX ƙarfi sau da yawa yau bai kai kuɗin buhun siminti ba, kuma manhajar Scratch, jikar Logo da Resnick ya fitar a 2007, tana da fassarar Hausa. Hannu ma ba mu rasa ba. Yaron da ke yin mota da karan dawa da gwangwani da silifas, da saurayin da ya koyi liƙa dalma a Farm Centre a Kano, sun riga sun san a gwada, ta ƙi, a kwance, a sake. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai haɗa musu wannan da lissafi. A makarantun kuɗi da yawa kuwa akasin haka ake yi, a sayo kaya masu tsada, malami ya haɗa su da kansa, a fito da su ranar bikin yaye ɗalibai don iyaye su ɗauki hoto, a mayar kabad a kulle don kada yara su lalata.

Saboda haka duk mai makaranta ko jami'in ilimi da aka kawo masa takardar sayen irin waɗannan kaya, kafin ya sa hannu ya tambayi wane malami aka horar, sa'a nawa a mako kayan za su kasance a hannun yara, kuma nawa aka ware don maye gurbin waɗanda za su ƙone. In babu amsar waɗannan, ya mayar da takardar.